A ci miyar kuka, amma a nuna wa likita kwalbar jiƙo

Duk wanda aka gano masa ciwon dajin babban hanji a Paga ko Bawku da ke arewacin Gana, tafiya ta same shi. Daga asibitin War Memorial na Navrongo ko na Presbyterian da ke Bawku sai a tura shi Tamale, in kuma ana bukatar gashi da na'ura, sai asibitin Komfo Anokye a Kumasi ko na Korle Bu a Akra. Da yawa ma ba sa isa da wuri, don an shafe watanni ana yi wa jinin bayan gida maganin basir.

Kafin ya dawo gida 'yan dubiya sun taru, kowa da abin da ya riƙo. Wannan garin zogale, wancan gangamau, gwaggo kuma da jiƙon saiwoyi daga kasuwar Salaga ko Yendi. Zumunci ne ya kawo su, amma abin da suka kawo a hanta ɗaya zai haɗu da maganin asibiti.

Babu mai ilimin da zai raina tsirrai a nan. Irinotecan, ɗaya daga cikin magungunan wannan ciwo tare da fluorouracil da oxaliplatin da capecitabine, asalinsa daga wata bishiya ta ƙasar Sin aka samo shi. Ƙarfin tsirran ne ma abin tsoro. A 2002 likitoci a Rotterdam ta ƙasar Holan suka auna jinin masu karɓar irinotecan waɗanda aka haɗa musu da ganyen St John's wort, wanda Turawa ke sha don damuwa. Sinadarin da ke kashe ƙwayoyin dajin ya ragu da kashi 42 cikin 100, domin ganyen ya sa hanta tana saurin kawar da maganin. Majinyaci ya sha wahalar allura, ya biya kuɗi, amfanin kuma ya zube. Akwai kuma akasin haka: ƙwayar folik asid, irin wadda ake ba masu juna biyu, tana iya ƙara wa capecitabine kaifi har ya jawo gudawa mai tsanani da gyambon baki.

Gangamau fa? A Jami'ar Leicester ta Ingila an gwada sinadarinsa tare da maganin asibiti, aka fitar da sakamako a 2019 cewa jiki yana jure haɗin. Sai dai mutanen ba su kai 30 ba, kuma awo ne aka yi a gaban likita. Wannan bai zama lasisin mai talla da lasifika a tasha ba.

Tuwon zafi da miyar kuka ko ayoyo, da wake, da gero, abinci ne, majinyaci kuwa yana bukatar ƙarfin jiki. Damuwar tana kan abin da aka tace aka ƙunsa a kwalba ko kafso, wanda mai sayarwa kansa bai san adadin da ke ciki ba. Gana tana da cibiyar binciken maganin tsirrai a Mampong-Akuapem tun 1975, kuma dacewa ne ta mayar da hankali kan irin wannan haɗi.

Likitoci ma da nasu laifin. Wanda ya san za a yi masa tsawa ba zai faɗi abin da yake sha ba. A tambaye shi cikin mutunci, da Hausa ko Kasem ko Kusaal ko Dagbani. Ku kuma masu jinya, ranar komawa asibiti ku sa kwalbar da ƙullin garin a jaka, ku ajiye su a gaban likita kafin a ɗaura ruwan magani.