Ra'ayinmu: A karɓi kuɗin kaya kafin almakashi ya taɓa yadi

Duk wanda ya saba shiga lungunan Nima da Maamobi ya san irin shagon: kwantena ce ko ɗaki ɗaya a bakin hanya, keken ɗinki biyu, 'yan koyo uku, sai kuma wani kanta a can kusurwa da aka jibge kayan da aka gama. Ka tambayi Madam na wane ne wannan lulluɓin gado mai kyau haka, sai ta ce na wata Hajiya ne, tun kafin azumi aka gama, har yau ba ta waiwayo ba. Wancan kuma na amarya ne, an kai shi ɗaki, an yi biki an watse, cikon kuɗin dai ana nan ana jira.

Maganarmu ta yau a kan matan nan take, masu ɗinkin zannuwan gado, da rigunan filo, da bargon nan na ƙyallaye da ake harhaɗawa a sa soso ko auduga a tsakiya a bi da ɗinki. Tambayar ɗaya ce: yaushe ya kamata mai wannan sana'a ta karɓi kuɗinta? Mu a wannan shafi matsayinmu shi ne ta karɓi kuɗin kayan aiki gaba ɗaya kafin ta yanka yadi, ta karɓi rabin ladan hannunta idan aiki ya kai tsakiya, ragowar kuma a biya kafin kaya su bar shago. Mun san akwai waɗanda za su ce wannan ya yi tsauri tsakanin maƙwabta. Bari mu faɗi dalili.

Lulluɓin gado ya bambanta da tumatur ko sabulu. In mai saye ya fasa, mai tumatur ta sayar wa na bayansa. Shi kuwa wannan an auna shi ne da gadon mutum ɗaya, an zaɓi launinsa don ya dace da labulen ɗaki ɗaya, wani lokaci har da sunan amarya a jiki. Daga ranar da almakashi ya shiga yadin, shi ke nan, ba ya komawa Makola. In mai shi ta gudu, sai dai a karyar da shi, kuma a karyar ɗin ma wa zai saya? Kantamanto na nan cike da barguna 'yan gwanjo daga Turai da kuɗinsu bai kai na yadin kaɗai ba. Ko gobarar da ta cinye kasuwar a farkon watan Janairun 2025 ba ta hana dilolin gwanjo ci gaba da shigowa ba. Abin da mai ɗinkin hannu ta fi su da shi kawai shi ne ta yi wa mutum daidai abin da yake so, kuma wannan ɗin ne ke sa asararta ta yi muni idan aka bar mata kayan.

A ɗauki misali, lissafin allo kawai, ba farashin wani shago ba. A ce aiki na sidi 900 ne: 500 na yadi da shafi da soso da zare da kuɗin mota zuwa kasuwa, 400 na hannu. Idan ba ta karɓi komai ba tun farko, ta ranta wa mai kaya sidi 500 ke nan daga jarinta, ta kuma ƙara mata da aikin mako biyu. Mutum uku suka yi mata haka a wata ɗaya, jari ya tafi. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi: ta ɗauki kuɗin adashi ta cike, ko ta karɓi yadi bashi a wurin dillali a farashin da ya fi na hannu da hannu, ko kuma, wanda ya fi muni, ta taɓa kuɗin da wata ta bayar ta yi aikin wata. Daga nan ake fara “ki dawo jibi”, jibin da ba ya zuwa. Yawancin saɓa alkawarin da ake zagin teloli da shi ranar jajibirin Sallah, in aka bi sawunsa, daga bashin da wasu suka ƙi biya ya taso.

Shekarar 2022 ta isa ta koya wa kowa darasi. Hukumar Ƙididdiga ta Ghana ta ce a watan Disamba na shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Ma'ana, wadda aka riƙe wa sidi 1,000 tsawon shekarar nan, ranar da aka biya ta abin da zai saya mata bai wuce na kusan sidi 650 ba. An biya ta cif, amma an cuce ta. Yanzu farashi ya lafa ƙwarai in aka kwatanta da wancan lokaci, alhamdu lillahi, sai dai soso da zare da yawancin yadin da ake shafi da shi har gobe suna bin dala ne, kuma mai ɗinki ba ta da iko a kan dala. Ikon da take da shi ɗaya ne: ta sayi kaya a ranar da aka yi ciniki, da kuɗin mai aikin.

To me ke hana su karɓa? Kunya. A Zongo mai kawo aiki ba baƙuwa ba ce. Ƙanwar miji ce, ko matar liman, ko wadda kuke zama tabarma ɗaya a wurin suna. Za ta ce, “Haba 'yata, ni ce fa. Fara kawai, in Alhaji ya turo zan aiko miki.” Yarinyar da ta tashi a gabanta ba ta iya buɗe baki ta ce a'a. Amma a duba yadda abin ke ƙarewa: wata uku ana aika yaro, ana cewa ba ta nan, sai gaisuwa ta fara sanyi, sai a daina shiga gidan juna. Zumuncin da aka ji kunyar taɓawa ranar farko shi ne ke mutuwa a wata na uku. Da ta ce, “Mma, ki yi haƙuri, ba ni da abin sayen yadin, ki ba ni na kaya in shiga kasuwa gobe,” da an ɗan ɓata rai na yini ɗaya an wuce. Kuma Bahaushe ai yana da sunan abin tun kaka da kakanni, kafin alƙalami. Ba wata bidi'ar 'yan boko ba ce.

Sai dai adalci ya sa mu juya mu kalli ɗaya ɓangaren, don masu kawo aiki ma suna da nasu kukan, kuma gaskiya ne. Akwai wadda ta biya duka tun farko, ranar kai lefe ta zo aka nuna mata yadi ko yankawa ba a yi ba. Shi ya sa ba mu goyi bayan masu cewa a karɓe kuɗi gaba ɗaya kafin a fara ba. Mai ɗinkin da ta riga ta cinye ladanta ba abin da ke tura ta kan keke, sabon aiki mai sabon kuɗi shi zai riƙa tsallake layi. A bar wani abu a hannun mai kaya har ranar karɓa, domin kowa ya kasance yana da abin da yake jira daga ɗan'uwansa. Kuɗin kaya da aka karɓa kuwa amana ne. Ba na kuɗin makarantar yara ba ne, ba na ankon bikin ƙawa ba ne. A saye yadin cikin kwana biyu, a nuna wa mai shi, ko a ɗauki hoto a tura mata ta WhatsApp.

In ciniki ya warware fa? Nan ne ake yawan rigima. Malaman Malikiyya, waɗanda mafi yawanmu ke bi, ba su yarda a cinye kafin alƙalami haka kawai don mai saye ya fasa ba, Hanbaliyya ne suka sassauta. Tsarin da muke ba da shawara ya kauce wa saɓanin, saboda abin da aka karɓa kuɗin kaya ne, kuma kayan na mai kuɗi ne. Ta fasa kafin a je kasuwa, a mayar mata da kuɗinta. Ta fasa bayan an yanka, a miƙa mata yadinta da sosonta a yadda suke, ta biya ladan abin da aka ɗinka. Ba wanda ya ci na wani.

Sannan a rubuta. Abin mamaki ne a ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, yaranmu na haddace ta a makaranta, amma mu manya muna ciniki na ɗaruruwan sidi da baki kawai. Littafin rubutu irin na 'yan firamare ya isa: suna, girman gado, launi, jimlar kuɗi, abin da aka bayar, ranar karɓa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Malaman makaranta sun san wannan sarai, uban da ya ga sunansa a rajista ba ya musun kuɗin jarrabawa. Wadda ba ta iya rubutu ba tana da 'yar koyo ko ɗa da ya gama JHS. MoMo ma shaida ce mai kyau, tana ajiye rana da adadi da sunan wanda ya turo. Harajin e-levy da aka ƙaƙaba a watan Mayun 2022, wanda ya sa mutane da yawa suka koma biyan kuɗi a hannu, an soke shi tun Afrilun 2025, don haka wannan uzuri ya ƙare. A dai duba asusu da ido kafin a saki kaya, kar a yarda da saƙon da aka nuna a wayar wani.

Abu ɗaya ne zai hana wannan tsari tsayawa, wato a ce shago ɗaya ne ke bin sa. In Madam ta nemi kuɗin kaya, mai aiki ta tsallaka titi ta sami wadda za ta fara ba ko pesewa, to mai gaskiya ce za ta yi asara. Ƙungiyar teloli da masu ɗinki ta ƙasa, GNTDA, tana shirya wa 'yan koyo jarrabawar yaye. Muna kira gare ta, da ƙungiyoyin mata na unguwanninmu, su sa lissafin kuɗin aiki da rubuta ciniki cikin abin da yarinya za ta iya kafin a yaye ta, su kuma amince da ƙa'ida ɗaya da za a rubuta a kwali a rataye a ƙofar kowane shago. In ƙa'idar tana rataye, yarinya ba sai ta kalli idon Hajiya ta ce a'a ba, sai ta nuna kwali ta ce dokar ƙungiya ce. A ƙara da layi ɗaya a ƙasan kwalin: kayan da aka gama aka sanar da mai su, in sun yi wata uku ba a karɓa ba, za a sayar, a cire ladan ɗinki, a ajiye wa mai su ragowar.