Daga Bordeaux zuwa Lyon: Masu kuɗi na cin bashi, magoya baya na shan hukunci

A ranar 24 ga watan Yunin 2025, hukumar DNCG mai binciken kuɗaɗen ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a Faransa ta sanar da sauke Olympique Lyonnais zuwa gasar Ligue 2. A cikin fili Lyon ta ƙare kakar wasan a matsayi na shida, har ta samu gurbin gasar Europa. Takardun bashinta ne suka kayar da ita. Kwanaki goma sha biyar bayan haka, a ranar 9 ga watan Yuli, ƙungiyar ta yi nasara a ƙarar da ta ɗaukaka, aka bar ta a Ligue 1.

Lyon ta tsallake rijiya da baya, amma Girondins de Bordeaux ba ta yi wannan sa'a ba shekara guda kafin nan. Labarin ƙungiyoyin biyu ya sa masu son ƙwallon Faransa, daga can gida har zuwa gidajen kallo na Yamai, Maraɗi, Garwa da Njamena, suna sauraron ranar zaman DNCG kamar yadda suke sauraron ranar wasan ƙarshe. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne, attajirai ne ke cin bashin, amma idan hukunci ya zo, kan ƙungiya da ma'aikatanta da magoya bayanta yake sauka.

Yadda Bordeaux ta ruguje

Bordeaux ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Sau shida ta lashe gasar Faransa, na ƙarshe a 2009. A 1996 ta kai wasan ƙarshe na kofin UEFA da Zinedine Zidane da Bixente Lizarazu da Christophe Dugarry. Ƴan Nijar ba za su manta ba cewa Moussa Maazou, wanda ya taso daga AS FAN, ya saka rigarta a matsayin aro a kakar 2010 zuwa 2011, kamar yadda ƴan Mali ke tuna ƙwallayen Cheick Diabaté.

Gidan talabijin na M6 ne ya riƙe ƙungiyar daga 1999, kuma duk lokacin da aka samu giɓi shi ke cikewa. A 2018 ya sayar da ita kan kusan yuro miliyan 100, wato sama da sefa biliyan 65, ga kamfanin zuba jari na Amurka GACP, wanda wani kamfanin, King Street, ya mara wa baya. Ba a daɗe ba abokan cinikin biyu suka ɓata, King Street ya karɓe komai a ƙarshen 2019, sannan a watan Afrilun 2021 ya ce ba zai ƙara zuba ko sisi ba.

Nan ne Gérard Lopez, ɗan kasuwa daga Luxembourg, ya shigo a matsayin mai ceto. Watanni kaɗan kafin nan ya bar Lille bisa matsin lambar masu bin ƙungiyar bashi. A kakarsa ta farko Bordeaux ta ƙare a ƙarshen teburi, an zura mata ƙwallo 91, ta faɗa Ligue 2. A 2023 saura ƙiris ta dawo, amma aka tsayar da wasanta na ƙarshe da Rodez bayan wani ɗan kallo ya shiga fili ya ture ɗan wasan baƙi. A watan Yulin 2024 tattaunawar sayar da ita ga FSG, kamfanin da ya mallaki Liverpool, ta wargaje. Ƙungiyar ta ajiye matsayinta na ƙwararru, kwantiragin ƴan wasa ya mutu, aka rufe makarantar horar da matasa, ma'aikata da dama suka rasa aiki, DNCG ta tura ta National 2, mataki na huɗu. A can ta sake shiga kakar 2025 zuwa 2026, tana karɓar ƙananan ƙungiyoyi a filin da ke ɗaukar mutum 42,000, kuma har lokacin Lopez ne mai ita.

Sauran ƙungiyoyin da ya riƙe ma ba su ji da daɗi ba. Mouscron ta Beljiyam ta durƙushe a 2022, Boavista ta Fotugal ta faɗi daga babbar gasa a 2025.

Lyon da tarkon ƙungiyoyi da yawa a hannu ɗaya

Lyon ta lashe gasar Faransa sau bakwai a jere, daga 2002 zuwa 2008, ƙarƙashin Jean-Michel Aulas, a zamanin da Michael Essien na Ghana da Mahamadou Diarra na Mali suka riƙe mata tsakiya. A watan Disambar 2022 attajirin Amurka John Textor ya saye ta da sunan kamfaninsa Eagle Football, kuma kaso mai yawa na kuɗin cinikin rance ne. A wancan lokacin Textor na da Botafogo a Brazil da RWD Molenbeek a Beljiyam, yana kuma da hannun jari a Crystal Palace ta Ingila.

Tsarinsa shi ne a riƙa juya ƴan wasa da kuɗi tsakanin waɗannan ƙungiyoyi. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Ernest Nuamah, matashin ɗan wasan Ghana. A 2023, lokacin da DNCG ta taƙaita wa Lyon kashe kuɗi, Molenbeek, wadda ba ta jima da hawowa babbar gasar Beljiyam ba, ita ce ta saye shi daga Nordsjaelland kan kusan yuro miliyan 25, ta miƙa shi aro ga Lyon nan take. Dokar ba ta hana ba, amma ya nuna yadda hukumar da ikonta ya tsaya a iyakar Faransa ke fama da mai kuɗin da asusunsa ya ratsa ƙasashe huɗu.

A watan Nuwambar 2024 alƙaluman kamfanin da ke riƙe da Lyon suka nuna bashin da ya haura yuro miliyan 500. DNCG ta hana sayen ƴan wasa, ta kuma yi gargaɗin saukewa. An sayar da ƴan wasa, har da Rayan Cherki da ya tafi Manchester City, amma hakan bai gamsar da hukumar ba. Sai da magoya baya suka fito zanga-zanga a gaban filin wasa suna neman Textor ya tafi, ya sauka daga shugabanci, Michele Kang mai ƙungiyar mata ta Lyon ta karɓa, masu hannun jari suka zuba sabon kuɗi, sannan aka janye hukuncin.

Tartsatsin ya kai har Landan. Crystal Palace ta lashe kofin FA a 2025, babban kofi na farko a tarihinta, ta samu gurbin gasar Europa. Da yake Lyon ma ta samu, kuma dokar UEFA ba ta yarda mutum ɗaya ya yi tasiri a ƙungiyoyi biyu cikin gasa ɗaya ba, sai aka mayar da Palace gasar Conference. Magoya bayan da ba su da hannu a bashin Lyon su ma sun biya nasu kason.

Rijiyar talabijin ta ƙafe

Kuskure ne a ɗora komai kan mutum biyu. Tushen matsalar na cikin kuɗin haska wasanni, wanda shi ne babbar hanyar samun kuɗin yawancin ƙungiyoyin Faransa. A 2018 hukumar gasar, LFP, ta sayar da haƙƙin haska wasannin 2020 zuwa 2024 kan sama da yuro biliyan ɗaya a shekara, kuma kamfanin Mediapro na Sifaniya ne ya ɗauki kaso mafi girma. Ƙungiyoyi suka tsara albashi bisa kuɗin da bai shigo hannu ba. Annobar korona ta sa aka yanke kakar 2019 zuwa 2020 ba a kammala ba, sannan a watan Oktoban 2020 Mediapro ya daina biya, aka soke yarjejeniyar a watan Disamba.

Amazon ya karɓi yawancin wasannin a 2021 kan yuro miliyan 250 a shekara. Don toshe ramin, a 2022 LFP ta karɓi yuro biliyan ɗaya da rabi daga kamfanin zuba jari na CVC, a madadin kusan kashi 13 cikin ɗari na kuɗin kasuwancin gasar, ba tare da wa'adin ƙarewa ba. An raba kuɗin an kashe, kason CVC kuwa yana nan ana cirewa kowace shekara. A 2024 shugaban LFP Vincent Labrune ya ci burin biliyan ɗaya, aka ƙare da kusan miliyan 500 daga DAZN da beIN Sports. DAZN ya janye bayan kaka ɗaya tak. Tun watan Agustan 2025 hukumar ke haska wasanninta da kanta a tashar Ligue 1+, inda kuɗin da zai shigo ya dogara ga yawan masu biyan kuɗin wata.

A daidai wannan lokaci, gasar Firimiya ta Ingila ta fara yarjejeniyar cikin gida ta fam biliyan 6.7 na shekara huɗu. Paris Saint-Germain, wadda Qatar ke riƙe da ita tun 2011, ta lashe kofin Zakarun Turai a watan Mayun 2025 bayan ta lallasa Inter Milan da ci 5 da nema. Wannan nasara ta rufe gaskiyar cewa sauran ƙungiyoyin da ba su da irin wannan aljihu suna rayuwa ne da sayar da ƴan wasa, ko kuma da neman wanda zai saye su ko wane ne shi.

Iyakar ikon DNCG

Ana yaba wa DNCG a Turai saboda tsananinta. Tana duba kasafin kuɗin kowace ƙungiya kafin a fara kaka, tana iya ƙayyade albashi, ta hana sayen ƴan wasa, ko ta sauke ƙungiya. Tun a 1991 an taɓa sauke Bordeaux saboda giɓin kuɗi. Sai dai babbar tambayar da take yi ita ce ko akwai kuɗin da zai kai ƙungiya ƙarshen kaka. Muddin mai ƙungiya ya kawo shaidar zai cike giɓi, ana barinsa ya wuce, ko da giɓin na ƙaruwa kowace shekara. Ranar da ya ce ya gaji, kamar yadda King Street ya yi, makamin da ya rage a hannun hukumar shi ne hukunta ƙungiyar.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A ƙwallon Faransa abin ya sha bamban: wanda ya ja ruwan yakan tashi ya koma wata bishiyar, ruwan ya doki mai sayar da tikiti, mai gyaran ciyawa da yaro ɗan shekara sha biyar da ke makarantar horarwa.

Wannan ne ya sa magoya baya suka fara neman a ba su kujera a inda ake yanke shawara. A Sochaux, wadda ta kusa mutuwa a 2023 bayan masu ita ƴan China sun janye, ƙungiyar magoya baya ta Sociochaux ta tara kuɗi ta shiga cikin masu hannun jari. Bastia, da ta faɗa mataki na biyar a 2017, ta sake ginuwa da tsarin haɗin gwiwa da ya ba magoya baya murya, ta dawo Ligue 2 a 2021. Strasbourg ta durƙushe a 2011, ta fara daga mataki na biyar, ta dawo Ligue 1 a 2017. Amma tun da BlueCo mai Chelsea ya saye ta a 2023, ƙungiyoyin magoya bayanta ke yin shiru na minti goma sha biyar a farkon wasa don nuna ƙin amincewa da a mayar da ita wurin renon ƴan wasan wata ƙungiya, duk da cewa sakamakonta a fili ya inganta.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. Jamus na da dokar da ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin ƙungiya, ban da ƴan tsirarun da aka keɓe. Ingila ta zartar da doka a 2025 da ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta tantance masu sayen ƙungiyoyi. A Faransa majalisar dattawa ta amince da wani ƙudurin gyaran tafiyar da ƙwallon ƙwararru a watan Yunin 2025, bayan binciken da sanatoci Laurent Lafon da Michel Savin suka jagoranta.

Abin da ya shafi Afirka

Faransa ce ƙofar farko da yawancin matasan ƴan wasa na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci ke bi zuwa Turai. Sadio Mané ya bi ta Génération Foot ta Senegal zuwa Metz. Makarantar Bordeaux da aka rufe ita ce ta rene Aurélien Tchouaméni, wanda iyayensa ƴan Kamaru ne, da Jules Koundé mai tushe a Benin. Duk makarantar da aka rufe, gurabe ne suka ragu. Ƙungiyar da bashi ya shaƙe kuma ba ta da haƙurin jiran yaro ya nuna, da ya fara haskawa za ta sayar da shi ga wanda ya fi tayi, ko wurin ya dace da shi ko bai dace ba.

Akwai kuma darasi ga ƙungiyoyin yankin. A Nijar, manyan ƙungiyoyi irin su AS FAN, AS GNN, USGN da AS Douanes sun jingina ne da rundunoni da ma'aikatun gwamnati. A arewacin Kamaru, Coton Sport ta Garwa ta gina tarihinta da tallafin kamfanin auduga na Sodecoton. Wannan ya ba su kwanciyar hankali da wasu ba su da shi, amma dogaro ne da aljihu ɗaya, irin wanda Bordeaux ta yi da M6 har shekara goma sha tara kafin a sayar da ita.

Abubuwa uku ne za su nuna inda aka dosa: yawan kuɗin da Ligue 1+ za ta raba wa ƙungiyoyi a ƙarshen kaka, makomar ƙudurin da ya fito daga majalisar dattawa, da kuma jerin sunayen da DNCG za ta fitar a zamanta na watan Yuni. Lyon za ta sake gurfana da takardunta kamar kowa, Bordeaux kuwa sai ta hau mataki uku kafin ta sake taka filin Ligue 1.