Kushewa ta girmi kabari

Zuwa ga Edita,

A Tsaskiya da sauran ƙauyukan Safana da Batsari, tsofaffi na cewa “Allah ya haskaka kushewarsa”, amma samari sai kabari suka sani. Kabari aro ce daga Larabci, ta shigo tare da Musulunci. Kushewa kuwa ta gida ce, jam’inta kusheyi.

Wanda ke neman shaida ya nufi ƙaramar hukumar Mani, inda garin Durɓi ta Kusheyi yake. Sunan ya samo asali ne daga manyan tuddan da aka binne masu mulkin dā, waɗanda tarihin baka ke dangantawa da Durɓawa, sarakunan farko na ƙasar Katsina. Baturen mulki Palmer ya tona wasu a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 masana daga Jamus suka sake haƙawa, suka samu kayan ado na zinariya da tagulla da hauren giwa da wuri, an binne su tare da mamatan.

Hubbare daban ne. Gini ne da ake yi a kan makwancin waliyyi ko shugaba, kuma masana na danganta kalmar da ƙubba ta Larabci, wadda ta biyo ta bakin Fulani. Hubbaren Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, yana Sakkwato, na Sarkin Musulmi Bello kuma yana Wurno.

Ya kamata mujallarku ta tura wakili Durɓi ya ɗauko hotuna.

Mai karatu,
Tsaskiya, Safana