Kirarin Ƙasa A Bangon Aji: Dogaro Ga Allah Ne Ko Neman Ƙuri'a?

Jama'a, a shekarar 2023 jihar Louisiana ta Amurka ta kafa dokar da ta wajabta a maƙala kirarin ƙasar, wato "Ga Allah muka dogara", a kowane aji na makarantun gwamnati, tun daga firamare har jami'a. Dokar ma ta yanka girman allon: kada ya gaza inci 11 a 14. Gwamna John Bel Edwards, ɗan Demokrat, shi ya sa mata hannu. Kafin nan Florida da Tennessee sun yi makamanciyarta a 2018.

Na san da yawa daga cikinmu za su ce ai wannan abin a yaba ne, sunan Allah a aji, me ya fi haka? Ni ma ba ni da ja da kalmar. Amma fa a duba asalinta. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu ta zama kirarin ƙasa, lokacin da ake tsakiyar yaƙin cacar baka, ana son nuna wa duniya cewa Amurka ba irin Tarayyar Sobiyat ba ce mai musun Allah. Tun ran gini, ran zane: da siyasa aka haife ta.

Ku dubi abin da ya faru a Texas. Dokarsu ta 2021 ta ce duk makarantar da aka ba kyautar allon kirarin, dole ta rataye shi. A 2022 sai wani uba ya kai wa hukumar makarantun garin Southlake allo mai wannan kirari sak, amma da Larabci. Hukumar ta ƙi karɓa, wai allunan da take da su sun wadatar. To Allah ɗin dai Shi ne, ma'anar ma ita ce. Me ya canza in ba harshen ba? Nan ne wasu suka gane cewa ba kowane mai dogaro ga Allah ake nufi ba.

A Kentucky kuwa, da aka yi dokar a 2019, makarantun gundumar Fayette sai suka sa hoton takardar dala ɗaya a firam suka rataye, tunda kirarin yana jikinta. An bi doka, an kuma yi mata dariya.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, allo ba ya tsada, shi ya sa 'yan majalisa ke son irin wannan doka. Albashin malami da littafi da rage cunkoson aji su ne masu cin kuɗi, kuma a can tarbiyya take. Duk ɗan siyasar da ya kawo muku dokar bango, ku tambaye shi nawa ya ware wa malamin da ke tsaye a gaban bangon.

Allah Ya sa mu gane.