Mafarauci a Kurmi: Kafin Ka Saɓa Bindiga, San Abin Da Doka Ta Ce



Farauta gadonmu ce. Akwai Sarkin Baka a ƙasar Hausa tun kafin zuwan Bature, kuma har gobe cikin mutanenmu da ke zaune a Elele, Oyigbo, bakin gadar Anaca da Garkin Inugu akwai masu shiga daji. Wasu da ita suke ciyar da iyali, wasu kuma sha'awa ce kawai, idan an tashi kasuwa a ɗauki bindiga da kare a je neman gyazbi ko zabon daji. Ni ma ina cikin masu wannan sha'awa, shi ya sa nake ganin ya kamata mu gaya wa junanmu gaskiya: a inda muke zaune, kuma a wannan zamani, bindigar da ba ta da takarda, ko wadda aka ɗora a mota aka hau babban titi da ita, haɗari ce ga mai ita da kuma duk wani Bahaushe da ke unguwar.

Babu wanda ya manta da Uromi. Ranar 27 ga Maris 2025, ana saura kwanaki kaɗan ƙaramar Sallah, 'yan banga a wannan gari na jihar Edo suka tare wata babbar mota da ta taso daga jihar Ribas da matafiya masu komawa gida Kano. Aka ga bindigogin farauta na gargajiya a cikin kayansu, aka yi ihun masu garkuwa da mutane, jama'a suka taru suka kashe mutum 16. Da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Daga baya gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya je Kano ta'aziyya.

Laifin wannan kisa yana wuyan waɗanda suka aikata shi, su kaɗai. Ko da mutum ya karya doka, wurin 'yan sanda da kotu ake kai shi, babu dokar da ta ba taron jama'a ikon yanke hukunci a bakin titi. Za mu ci gaba da neman a yi wa mamatan adalci. Amma idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Mai tashi daga Fatakwal zuwa Kano ta Owerri, Anaca, Asaba, Auchi, Lokoja da Abuja zai ratsa jiha bayan jiha, kowacce da 'yan bangarta da irin fargabar da mutanenta ke ciki. A Ribas akwai OSPAC, a Anambra akwai Agunechemba da aka ƙaddamar a farkon 2025, a Inugu akwai masu gadin daji tun 2019. Yaron da ke tsaye a shinge cikin dare bai san Sarkin Baka ba, bai san bambancin mafarauci da ɗan bindiga ba. Bindiga kawai ya gani a hannun baƙo.

To me doka ta ce? Dokar makamai ta Najeriya an yi ta tun 1959, kuma ta kasa bindigogi gida uku.

Kashi na farko su ne haramtattu: bindigogin soja irin su AK-47, mashinga, da duk wata ƙaramar bindigar hannu wato fistol. Waɗannan sai da izinin shugaban ƙasa. Mallakarsu ba izini, hukuncinsa ba ya gaza shekara 10 a gidan yari.

Kashi na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, da bindigar iska. Lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin dokar ta cire duk bindigar farauta mai ɗura wa kanta harsashi daga wannan kashi, har da wadda ake kira fam-akshin. Ganin ta a kafaɗar 'yan banga bai mayar da ita halal gare ka ba. Irinta ce kwastan suka kama guda 661 a Legas a Janairun 2017.

Kashi na uku su ne namu na gado, waɗanda ake ɗurawa ta baki, wato adaka ko bindigar toka. Wannan kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke da iko a kanta. Ma'ana, tsarin Kano daban, na Ribas daban, na Edo daban. Kada wanda ya samu takarda a jiha ɗaya ya ɗauka ta wanke shi a ko'ina, sai ya tambaya a hedikwatar 'yan sandan jihar da yake farauta a ciki.

Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, haka mai taɓin hankali, mai matsalar gani, mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin tayar da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Sannan akwai dokar fashi da makami ta 1984, wadda ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka samu da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. A fassarar wannan doka, bindigar toka ma bindiga ce, harsashi ma makami ne, kuma ko an kwance bindigar gunduwa-gunduwa an cusa a buhun gari, hukuncin bai canza ba. Katin ƙungiyar mafarauta kuwa shaida ce ta cewa kai ɗan ƙungiya ne, amma ba ya maye gurbin lasisi a gaban alƙali.

Batun harsashi shi ma yana da nasa. Doka ba ta yarda ka riƙe harsashi ba sai na bindigar da kake da lasisinta. Bayan doka kuma akwai sanin aiki. Harsashin bindigar farauta yana da lamba, kuma idan lambar ta yi sama ƙwayoyin cikinsa ƙanana ne: lamba 6 ko 4 ta ishi fakara da zabo, BB ko AAA kuma na dabbar da ta fi girma ne kamar gada. Wanda ya harbi gada da na tsuntsu raunata ta kawai zai yi, ta je ta mutu mushe a cikin ciyawa, babu nama sai alhaki. Wanda kuma ya saki mai manyan ƙwayoyi kusa da gonar rogo, ya tuna dajin Kurmi duhu ne da shi, bayan kowane kurmi ana iya samun mai sarar kwakwar manja ko mata masu itace. A duba tsawon harsashi: bindigar da aka rubuta mata milimita 70 ba a sa mata na 76. Kuma kada a kuskura a farke harsashin kanti a juye garinsa a cikin adaka, domin ƙarfinsa ya fi na albarushin gargajiya nesa, bututun na iya tarwatsewa a fuskar mai harbi. Ƙwayoyin dalma ne, a tsince su daga nama kafin a dafa wa yara. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu.

Na san wani zai ce: ana kashe mu, kai kuma kana maganar takarda, ai gara kowa ya nemi tasa. An sha yin wannan kira. A Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi lasisin bindiga, Janar Lucky Irabor ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Can gida ke nan. Mu nan baƙi ne 'yan tsiraru. Fistol ɗaya da za a samu a rumfar mai albasa ya isa a rufe kasuwa, a kwashe matasa, a ba masu neman dalili dalili. A Yulin 2024 kwastan suka nuna bindigogi 844 da harsasai 112,500 da suka kama a tashar jiragen ruwa ta Onne, nan kusa da Fatakwal. Makamai sun yi yawa a ƙasa, hankalin kowa a tashe yake, kuma wake ɗaya ke ɓata gari.

Abin da nake ba shugabanninmu shawara shi ne, kowane Sarkin Hausawa ya sa a rubuta sunayen mafarautan da ke ƙarƙashinsa, da irin bindigar kowa da takardarta, a kai kwafi ofishin DPO, a kuma gabatar da su ga basaraken garin da suke shiga dajinsa. Idan tafiyar Sallah ta zo, a bar bindiga a inda ake aiki da ita, a nemi 'yan sanda su ajiye ta a ma'ajiyarsu a karɓi rasit. Direbobinmu su daina ɗaukar kayan da ba su duba ba. Kada a sayi bindiga ko a kai gyara wurin maƙerin da ba shi da izini, ko a Awka ne da ta yi suna wajen ƙira. Kada a ara wa kowa, ko ɗan cikinka ne.

Gwamnati ma da nata. A Agustan 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan bindigogi. Rufe ƙofa ba ya hana ɗan fashi, mai son bin doka kaɗai yake bari a rana, ya kuma buɗe kasuwa ga 'yan damfara masu buga takardun bogi. Ƙungiyoyinmu su haɗa murya da wakilanmu a majalisa a nemi tsari bayyananne na rajistar mafarauta, mai takarda ɗaya da ɗan sanda a Elele da na Bunkure za su gane, tare da ƙa'idar yadda mafarauci zai yi tafiya da kayan aikinsa.

Wanda ya karanta ya isar wa 'yan uwanmu da ke daji, da yawansu ba sa hawa Facebook. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Uromi, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya tsare mu a zamanmu da tafiyarmu. Amin.