Wanda aka kai nesa, wa ke jin kukansa?

Shekaranjiya a fadarmu ta shayi nan Tasawa, hira ta kai ga masu satar mutane a yankin Madarumfa da Gidan Rumji. Wani abokina ya ajiye kofinsa ya ce: "Yo in an kama su, a matse su har su faɗi gaskiya mana, mi ake jira?" Kusan kowa ya gyaɗa kai. Ban ga laifinsa ba, duk wanda aka taɓa ɗauke wa ɗan'uwa ya san zafin da ke sa a faɗi haka. Amma ban yarda da shi ba.

Mutumin da ake azabtarwa abin da zai tsayar da dukan yake faɗi. In kana son suna goma, zai ba ka ashirin, har da na maƙwabcin da suka yi rigimar gona.

Amurka ta gwada wannan hanya da kuɗinta da ƙarfinta duka. A watan Janairun 2002 ta buɗe kurkukun Gwantanamo a tsibirin Kuba, da gangan a wajen ƙasarta, don kada alƙalanta su sa baki. Mutum kusan 780 aka tsare a can, mafi yawansu aka sake su ba tare da an tuhume su da komai ba. Cikinsu akwai Muhammadu Wuld Silahi, ɗan Muritaniya. An hana shi barci, an yi masa barazanar kamo mahaifiyarsa, har ya amsa laifin da bai yi ba. Tsohuwar ta rasu a 2013 ba ta sake ganinsa ba. A 2016 aka maida shi gida. Kuma a Disambar 2014 rahoton wani kwamitin majalisar dattawan Amurka da kansa ya ce azabar ba ta zama hanyar samun sahihin labari ba.

To, mu ba mu da tsibiri, amma muna da nisa. A Nijar, shari'ar ta'addanci a Yamai ake yin ta. In an ɗauki saurayi daga wani ƙauyen Mayahi, sai ya tsinci kansa fiye da kilomita 700 daga gida, wataƙila a Kollo ko Kutukale. Uwarsa da ke saida ƙuli-ƙuli, ina ta ga kuɗin mota, balle na lauya? Wa zai duba bayansa ya ga ko akwai shatar bulala? Shi ya sa nake cewa nisan nan rabin azabar ne, kuma shi ke rufa wa sauran rabin asiri.

Kada ku ce ai 'yan ta'adda kawai abin ke shafa. Ranar 3 ga Disambar 2024 aka kama Musa Cangari a gidansa, ɗan farar hula da kowa ya sani, aka tuhume shi da yabon ta'addanci, aka kai shi gidan kason Filinge. Shi yana da masu ambaton sunansa. Ɗan ƙauyen nan fa?

Tun 1998 Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta hana azabtarwa. Ba mu ce a saki mai laifi ba. A faɗa wa dangi inda aka kai shi, likita da lauya su gan shi, a gurfanar da shi gaban alƙali cikin wa'adin doka. Abokina ya ce wannan gata ne ga miyagu. Na tambaye shi, in wani da ake duka ya ambaci sunan ƙanensa fa? Sai ya ce a zuba shayi na biyu.