Fitilar Tankin Kifi: A Duba Bukatar Mazauna Ruwan

A ɗakunan kimiyya na makarantu, akan ajiye tankin gilashi na kifin ruwan daɗi a bakin taga, ko a bar masa fitila kunne dare da rana domin ya ƙayatar. Wannan babban kuskure ne. Hasken rana yana ɗumama ruwa, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iskar oksijin sosai, sai ka ga kifi na tasowa sama suna neman numfashi. Yawan haske kuma yana haifar da gansakuka, wadda kan turnuƙe tsirrai. Bugu da ƙari, kifayen nan ba su da fatar ido, suna bukatar duhu domin su huta.

A ganina, tsiron da ke cikin tankin shi ya kamata a duba kafin a sayi fitila. Anubias, alal misali, a inuwar rafukan dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru yake tsirowa, saboda haka haske kaɗan ya ishe shi. Fitilar LED mai farin haske, kimanin kelbin 6,500, ba ta cin wuta, ba ta kuma zafafa ruwa. Malamai da ɗalibai, ku kunna ta awa 8 a rana, sannan ku kashe.